Tsakanin Askar Wanzami da Lezar Indiya

Maƙalar wannan makon za ta taka sawun wasu, mu kanmu ba ta ƙyale mu ba, don haka a daure a kai ƙarshenta kafin a ja daga.

A zaman karatu da ƙungiyarmu ta marubuta ta yi a nan Haɗejiya watan jiya, an karanta gajerun labarai biyu a jere, kuma duka biyun a maƙogwaro suka tsaya. A na farko, jaruma ɗiyar attajiri ce. Ciwon wuya ya dame ta, Abbanta ya ɗaga waya aka yi mata biza, aka kai ta Indiya, aka cire mata tonsil da leza "ba jini ba zafi". Da yamma ta tashi ta ci gasasshiyar kaza, washegari ta haɗu da jarumi a harabar asibiti. A na biyu, jariri ne ya ƙi kama nono, likitoci suka gaza, sai ga tsohon wanzami da zabirarsa. Ya leƙa bakin yaro ya ce beli ne, ya ɗauke shi cikin ƙiftawar ido, yaro ya kama nono, marubucin ya rufe da yabon hikimar kakanni. Aka tafa wa na farko, aka tafa wa na biyu. Mu ma mun tafa. Sai a hanyar gida abin ya fara cin mu.

Labaran nan biyu da ake gani kamar kishiyoyi, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kowanne ya kai alƙalaminsa daidai inda aka ajiye ƙarfe, ya rufe littafi. Ɗaya ya durƙusa wa na'ura don sabuwa ce, mai tsada ce, sai an hau jirgi ake samunta. Ɗayan ya durƙusa wa aska don tsohuwa ce kuma tamu ce. Babu wanda ya zauna da majinyacin ya kwana bakwai. Alhali su masu aikin, idan suka tashi gwada wata hanyar tiyata da wata, lissafi suke yi: cikin mutum ɗari nawa ne jini ya ɓalle musu, a kwana na nawa, nawa aka mayar ɗakin tiyata, kwana nawa kafin yaro ya iya haɗiyar tuwo, nawa ne ba su koma gida ba. Mu masu da'awar rubuta rayuwar mutane, wannan lissafin ne ba ma son yi.

Mu fara da abin da muke cakuɗawa. Kowa ya ɗauki madubi, ya kunna fitilar wayarsa, ya wangale baki. 'Yar tsokar nan da ke reto a tsakiya daga sama ita ce beli, wasu su ce belu, wasu hakin wuya. Ƙululai biyun da ke zaune gefe da gefe, can bayan harshe, su ne tonsil. Beli yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, yana kuma jiƙa maƙogwaro. Tonsil kuwa suna cikin masu gadin jiki, su ke fara cin karo da ƙwayoyin cutar da suka shigo ta baki, shi ya sa suke yawan kumbura a ƙuruciya. Wanzami beli yake yankewa, ko da yake akwai masu kai ƙarfen har kan tonsil idan sun gan su a kumbure. Likita tonsil yake cirewa, a ɗakin tiyata, bayan an sa mutum barci an zura masa bututun numfashi don kada jini ya gangara huhu. Babu likitan da ke cire belin lafiyayyen jariri. Amma ku duba rubuce-rubucenmu: wannan ya ce wanzami ya cire wa yaro tonsil, wancan ya fassara tonsil da beli, mai karatu ya tashi da fahimtar cewa aiki ɗaya ne, na asibiti dai ya fi tsada. Kuma da yawanmu da muka leƙa madubin yanzu ba mu ga belin ba. Tabo muka gani.

A daminar 2022, shekarar da ruwa ya shanye gonakin shinkafa tun daga Auyo har Kirikasamma da Guri, wata 'yar uwarmu da ke aure a wani ƙauye a ƙetaren kogi ta haifi ɗanta na fari, a gida, lafiya lau. Ranar suna da hantsi wanzamin gidan ya zo, ya yi askin suna, ya danne harshen yaro da ɗan itace, ya zura ƙarfensa mai lanƙwasa kamar ƙaramin lauje ya ɗauke belin. Jini kaɗan aka gani. Aka sallame shi, aka ci tuwon suna, mata suka yi guɗa. Da magariba yaro ya ƙi nono. Bayan isha ya yi amai baƙi ƙirin, sai a lokacin aka gane tun safe jinin bai tsaya ba, haɗiye shi yake ta yi. Hanyar mota ruwa ya yanke ta tun makonni. Mai kwale-kwale ya ce ba ya iya ratsa kachala cikin duhu, kuma duk wanda ya san yadda ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa a yankinmu ba zai ga laifinsa ba. Da asuba aka tashi. Ba a kai inda babur ke jira ba aka juyo.

An ce kwana ne ya ƙare, mun kuma yarda babu mai wuce kwanansa. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana mu sanin yadda abu ya faru. Jariri mai nauyin kilo 3 duk jinin jikinsa bai wuce kimanin mililita 250 ba, wato rabin ledar fiya wata. Cokali biyu na cin abinci idan suka zuba, ya rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na jininsa. Sannan a makon farko jinin jariri bai gama ƙwarin daskarewa ba, saboda ana haihuwarsa da ƙarancin bitamin K. Shi ya sa a asibiti ake yi wa sabon haihuwa allurarsa. Wanda aka haifa a ɗaki bai samu ba. Ke nan ranar da al'ada ta zaɓa don yanka, kwana uku a wasu gidaje, kwana bakwai a wasu, ta faɗo cikin kwanakin da jikin ya fi kasa tsayar da jini. Ga yankan a wurin da ba a iya dannewa da tsumma, ba a iya ɗaurewa, ba a ma ganin zubarsa.

Mun san amsar da ke jiran mu, don mun sha ta a majalisa: "To ku da aka cire muku, kun mutu?" Ba mu mutu ba, alhamdu lillahi. Sai dai wannan ƙidaya ce da ake yi a cikin waɗanda suka rayu kawai. Wanda ya tafi yana ɗan kwana takwas ba ya zuwa majalisa ya ba da nasa bayanin, ba a kuma rubuta shi a ko'ina. A ce iska ce, a ce baki ne, a ce dama bai zo da kwana ba. Inda aka zauna aka ƙirga, abin da aka gani ba daɗin ji. A 1994 wasu likitoci sun wallafa binciken da suka yi a Yamai ta Jamhuriyar Nijar: kusan yaro ɗaya cikin biyar an yanke masa beli kafin ya wuce shekara biyar, kuma abin da ke kawo su asibiti bayan yankan shi ne zubar jini, da ruɓewar mikin, da cutar sarƙe haƙora, da faɗawar guntun tsokar cikin hanyar numfashi. A ƙara da abin da ƙarfe ɗaya ke iya ɗauka daga baki zuwa baki, irin ciwon hanta da ƙanjamau. A ɗaya gefen ma'aunin me aka samu? Wai an hana beli girma ya toshe wuya ko ya fashe ya kashe yaro. Dubban miliyoyin mutane a duniya suna yawo da belinsu, da shi suke tsufa.

To me ya sa ake ganin kamar yana aiki? Saboda mafi yawan tari da ciwon wuyan yara irin na mura ne, mai warkewa da kansa cikin mako guda. Duk abin da aka yi a kwana na uku, shi zai kwashi yabo a kwana na bakwai, ko aska ce ko tsimi ko shayi da lemun tsami. Matsalar tana ga 'yan kaɗan ɗin da ba na mura ba. Akwai ƙwayar cutar da ke kama tonsil wadda maganinta fenisilin ne na kwana goma. In aka bar ta, a wasu yaran bayan makonni sai ta juya ta taɓa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Yarinya ta girma ta yi aure, cikin fari ya zo ya tona ciwon zuciyar da ya samo asali daga ciwon wuyan da aka kai wa wanzami. Akwai kuma mashaƙo, wanda ya ɓarke tun ƙarshen 2022, ya fi ɓarna a Kano, ya taɓa maƙwabtanmu na Yobe sosai. Shi yana shimfiɗa wata fata mai toka-toka a kan tonsil da maƙogwaro, da an taɓa ta sai jini, ga saurin yaɗuwa. Ku ƙaddara yaro mai mashaƙo a hannun mai aska, sannan ku ƙaddara yaron da za a kawo bayansa. Rigakafin mashaƙo yana cikin allurar da ake yi wa jarirai kyauta a mako 6, 10 da 14.

Masu labarin Indiya kada su yi saurin murmushi, don yanzu aka zo kansu. Farar riga ma ta yi nata wanzancin. A 1934 wata ƙungiyar kula da lafiyar yara ta Amurka ta ɗauki yara 1,000 'yan shekara 11 daga makarantun birnin Niyok. Ta tarar 611 an riga an cire musu tonsil. Sauran 389 aka kai wa likitoci, suka ce 174 na buƙatar aiki. Aka ɗauki 215 da aka ce lafiyarsu ƙalau aka kai wa wasu likitocin, suka zaɓi 99. Aka sake kai ragowar 116 wajen wasu, suka zaɓi 51. Yara 65 kacal suka rage cikin dubu. Duk zagaye kusan rabi ake zaɓa, ko wa aka kawo. Sabo ne ke aiki, irin na wanzamin da duk bakin da ya leƙa beli yake gani. Bambancin shi ne su sun ƙirga, sun ji kunya, sun gyara. A 1984 Jack Paradise da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da ma'aunin da har yau ake bi: ciwon tonsil mai tsanani sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 kowace shekara har shekara uku. Ƙasa da haka a yi magani a jira, yawanci yaro na girma abin na raguwa. Ɗaya babban dalilin aiki shi ne tonsil su yi girman da yaro ke minshari, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci. Jarumar labarinmu ciwon wuya ɗaya ta yi aka yi mata biza.

Idan aikin ya wajaba, hanyoyinsa sun kasu. Akwai tsohuwar hanya da likitoci ke kira aikin sanyi: a ɓanɓare tonsil daga mazauninsa da almakashi da ƙarfe, a ɗaure jijiyoyin da ke zubar da jini da zare. Akwai ta zafi, inda ake yanka ana ƙone bakin jijiya da lantarki lokaci guda. Ta fi sauri, jinin da ke zuba a kan tebur kaɗan ne, amma tana barin ƙuna. Akwai kobleshan, na'urar da ke narkar da tsoka cikin ruwan gishiri da zafin da bai kai na tafasar ruwa ba; kan na'urar sau ɗaya ake amfani da shi a yar, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba. Leza da muke ta rubutawa tana cikin waɗanda aka fi ƙarancin amfani da su a wannan aikin. Mu dai sunan ne ya yi mana daɗin rubutu.

Wacce ta fi? In a kan tebur za a tsaya, ta zafi ta ci gasa. Amma jinin tonsil iri biyu ne. Akwai na ranar farko, mai zuwa mutum yana gaban ma'aikata. Akwai na baya, mai zuwa tsakanin kwana 5 zuwa 10, lokacin da ɓawon mikin ya saki, mutum yana gida, sau da yawa cikin dare. A 2003 da 2004 an bi diddigin aikin tonsil na mutum fiye da 30,000 a asibitocin Ingila da Arewacin Ailan, aka fara fitar da sakamakon a mujallar Lancet tun kafin a kammala saboda abin da aka gani. Waɗanda aka yi wa aiki da hanyoyin zafi, har da kobleshan, jini ya fi ɓalle musu bayan aiki ninki biyu zuwa uku a kan waɗanda aka yi wa da almakashi da zare. Kafin wannan ma, a farkon 2001, tsoron cutar haukar shanu ya sa aka umarci likitocin Ingila su koma kayan aikin da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Niyya mai kyau, kaya sababbi fil. Shekarar ba ta ƙare ba aka janye umarnin, saboda zubar jini ta ƙaru.

Ba cewa muke a jefar da na'ura ba. Hannun likita da yawan wutar da ya sakar mata suna canza sakamako sosai, kuma akwai sabuwar dabarar da ta ci sunanta: maimakon a tumɓuke tonsil gaba ɗaya, a rage shi a bar siririyar fatar da ke kare manyan jijiyoyi. A Suwidin wannan ya zama ruwan dare ga yara masu toshewar numfashi. Jinin baya ya ragu ƙwarai, yaro na komawa cin abinci da wuri. Abin da ake biya shi ne a wasu 'yan kaɗan tsokar kan sake tohowa har a sake aiki. Kowace hanya da abin da take bayarwa da abin da take karɓa. Wadda babu ita ce "ba jini ba zafi". Babba da aka cire wa tonsil yakan yi kusan mako biyu yana jin haɗiya kamar ta garwashi, zafin har cikin kunne, yakan ma ƙaru wajen kwana na biyar kafin ya sauka. Cin gasasshiyar kaza ana murmushi da yammar ranar, ko a Indiya sai a mafarki.

Yanzu mu dawo da lissafin gida. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ba a kowane asibiti ake samunsa ba. Mutumin yankinmu sau da yawa sai ya dangana da Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko makamancinsa, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Haɗejiya. A yi aiki lafiya, a kwana ɗaya ko biyu, a sallame su. Uba ya duba aljihu, masauki a Kano ba kyauta ba, gona na jira, ya ɗauko ɗansa su koma Guri ko Baturiya. Kwana na bakwai ya same su a can, a watan Agusta, ƙarfe biyun dare. Yaron Landan in jini ya ɓalle masa, 'yan mintoci ne a motar asibiti. Namu kuwa kwale-kwalen nan ne da kachalar nan da suka tsayar da 'yar uwarmu. Uban da ya san haka ba zai ɓata bakinsa wajen tambayar leza ba. Zai tambayi likita: dole ne aikin ko a jira? Wace hanya hannunka ya fi sabawa da ita? In jini ya zo a kwana na bakwai, ina zan kai shi? In ba gaggawa, me zai hana a bari sai rani, ko mu nemi gidan ɗan uwa kusa da asibiti mu cika mako biyu? Likitoci da kansu sukan ce kada a yi nisa da asibiti har mikin ya warke. Ba mu taɓa cin karo da uban da ya yi ko ɗaya daga tambayoyin nan a littafin Hausa ba. Iyayen littattafanmu cek kawai suke sa wa hannu.

Wani zai ce ai ga shi kun dawo kan maganarmu, tsohuwar hanya ta doke sabuwa, da tsohuwar zuma ake magani. A'a. Almakashi da zare sun ci ne don an ƙirga an ga sun ci, kuma ranar da ƙidaya ta juya za a ajiye su. Askar beli ba a taɓa ƙirga mata nasara ba. In ma tsufa ake so, ga Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013. A littafinsa at-Tasrif ya zana kayan aikin tonsil da na beli, ya bayyana yadda ake yi. Amma a kan tsokar da ta kamu da ciwo yake magana, ya faɗi kamannin da in an gani ba a taɓawa, ya yi kashedin cewa wuce iyaka a yankan beli na ɓata murya. Shekara dubu ke nan, mai aska yana rubuta inda askarsa za ta tsaya.

Ba mu nemi kowa ya mai da labarinsa darasin kiwon lafiya ba. Wa'azin da aka sa wa rigar labari ya fi komai gundura, kuma muna da shi jibge. Ba mu kuma nemi a mai da wanzami dodo ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san matsayinsa. Shi ya yi wa uban yaro kaciya, shi ke zuwa ba a yanki kati ba, a sallame shi da kwanon shinkafa da rabonsa na naman suna, yana da Sarkin Aska a bayansa da gadon kakanni a zabirarsa, kuma ya yi imani da zuciya ɗaya cewa ceton yaron yake. Kakar da ta aika a kira shi ta binne 'ya'ya a zamaninta, tsoro da ƙauna ne ke tura ta. Matashin uban ya yi difloma kamarmu, ya san abin da muka sani, amma bai san yadda zai kalli mahaifiyarsa ya ce a'a a gaban mutane ba. Mai jego tana ɗaki, kunyar ɗan fari ta hana ta ko ɗaga ido. Mutum huɗu, babu mugu ko ɗaya, ga jariri a tsakiya. Wane attajiri da jirginsa ne ya kai wannan zama labari? Muna zaune a kansa muna aron asibitocin ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba.

Binciken ma ba wuya gare shi ba. Wanda zai rubuta ɗakin tiyata ya sami ma'aikaciyar jinya ɗaya a Babban Asibitin Haɗejiya, ya gaishe ta, ya tambaya. Za ta gaya masa cewa yaron da ke yawan haɗiyar yawu cikin barci bayan aiki, ana tsoron jini yake haɗiya. Cewa farin da ake gani a wurin mikin haka yake warkewa. Cewa jan jini ko kaɗan ne a kwanakin nan, ba a jiran gari ya waye. Wanda zai rubuta wanzami ya je ya zauna da wanzami, ya ga zabirar da idonsa, ya ga da me ake goge ƙarfen tsakanin yaro da yaro. Mukan kwana muna gardama a kan ɗaurin kallabin jaruma da launin motar jarumi, amma mu rubuta abin da wata uwa za ta karanta a wayarta ta yanke hukunci a kan wuyan ɗanta ba mu tambayi kowa ba. Masu karatunmu mata ne mafi yawa, da yawansu da goyo, kuma labarin da aka tura a WhatsApp yana shiga ɗakin da ma'aikacin lafiya bai taɓa shiga ba.

Da muka tayar da maganar daga baya, ɗaya daga masu labaran ya ce ai ƙirƙira ce, marubuci na da 'yancin ƙaga abin da ya ga dama. Dama wanzami ba ya son jarfa. Muna da 'yancin ƙaga mutane da garuruwa, da aljanu ma in mun so. Amma mai karatu ya san ƙagaggen gari na labari ne. Askar da ta sa jariri kama nono da lezar da ba ta da zafi, su gaskiya yake ɗaukarsu.

'Yar uwar tamu ta sake haihuwa bara, mace. Ana saura kwana biyu suna mijin ya je gidan wanzamin da kansa, da dare, ya roƙe shi a yi aski a bar bakin. Ya biya shi cikakken ladansa har da ƙari. Wanzamin ya yi shiru, ya ce shekara talatin yana aikin nan ba a taɓa ce masa haka ba, amma ya karɓa. Ranar suna ya aske kan yarinya, ya naɗe zabirarsa, ya fita bai kalli kowa ba. Kakar ta bi shi da ido har ƙofa, sannan ta juyo ta kalli ɗanta. Yarinyar yanzu tana tafiya da bango. Duk sanda ta yi tari, kakar takan ɗauke ta, ta juya ta wajen haske, ta leƙa bakinta, ba ta cewa komai. Har yau kuma idan ɗan ya durƙusa gaishe ta da safe, "lafiya" ɗaya take ba shi.